Saƙon Baba a Filin Aro na Dublin

Tun da na dawo daga Ireland ban huta da tambaya ba. A wajen sunan da aka yi a garin Clinton, nan jihar Maryland ta Amurka, makon jiya, Issufu, abokina ɗan Damagaram da ke aikin rediyo, ya tsare ni a gaban mutane. Ya ce shi dai a bayyana masa yadda mutum irina, da ko Baltimore da ke nan kusa ba ya zuwa sai ya duba hasashen yanayi sau uku, ya haye teku don kallon ƙwallo. Na yi dariya na ce labarin da tsawo. Gaskiyar ita ce ba ƙwallo ce ta kai ni ba, kuma sai da na nemi izinin mahaifina kafin in rubuta abin da ya kai ni ɗin.

Wata biyu bayan na gama digiri na biyu, Baba ya kwanta asibiti a Zariya da ciwon zuciya. Da aka sallame shi ya sa aka kira ni a waya, ya kuma sa kowa ya fita daga ɗakin. Ya ce yana da wani nauyi da ya fi shekara arba'in yana ɗauke da shi. A makarantar sakandare suna da malamin lissafi, Bature ɗan Ireland, Malam Donal, wanda kuma shi ke koya musu ƙwallo da yamma. Ana gab da wani babban wasa Malam ya cire Baba daga cikin 'yan wasa saboda ya gudu daga aji. Don haushi, Baba da wasu abokansa uku suka rubuta takardar ƙara zuwa ma'aikatar ilimi cewa Malam yana zagin addini a aji. Ƙarya ce. Ba a yi wata guda ba Malam ya bar ƙasar. Sauran ukun duk sun rasu.

"Ina so ka je ka nemo mini yafiya," in ji shi. "Kai da kake kusa da shi."

Na yi ƙoƙarin in nuna masa cewa ba kusa muke ba. Daga baya ma na duba taswira, na ga kamar Zariya ta ɗan fi Greenbelt, garin da nake zaune, kusa da Dublin. Amma a wajen Baba ƙasar Turawa unguwa ɗaya ce. Na kawo shawarar wasiƙa ko waya. Ya ce takarda ce ta yi ɓarnar, ba zai sake aika takarda ba. Irin wannan magana jinin mutum ake turawa, ya durƙusa ya faɗa da baki.

Adireshin Malam ta hannun Anti Rifkatu na samu, wata nas 'yar Pankshin da ke zaune a ƙasan benenmu. Ta san wani tsohon fada, limamin coci, da ya yi aiki a Jos, shi kuma ya san wanda ya san Malam. Na rubuta cewa ni ɗan wani tsohon ɗalibinsa ne, zan zo gaisuwa. Ban ambaci komai ba bayan wannan. 'Yarsa Nora ta ba ni amsa cewa suna maraba.

Sai maganar tsaraba. Baba ya ce Malam na son kilishi, don haka na sa wata Hajiya a Springfield ta yi mini mai kyau. Amma na ga ya kamata in ƙara da wani abu mai nauyi. Abin da na fi riƙewa game da mutumin shi ne malamin ƙwallo ne. Da na bincika na ga ƙungiyar ƙasarsu za ta buga da wata ƙasa ranar Asabar ɗin da zan kasance can, a filin da ya fi kowane girma a ƙasar. Da ƙyar na sami tikiti biyu. Ina tuna na zauna ina kallonsu ina yaba wa kaina, abin da ba kasafai nake yi ba.

Ofishin jakadancinsu na je neman biza da jakar takardu mai kauri, har da takardar shaidar gama firamare. Matar ta zaɓi uku ta mayar mini da sauran. Ranar tafiya na bar Greenbelt awa shida kafin tashin jirgi don tsoron cunkoson babbar hanya, na isa filin jirgin Dulles ba a ma buɗe teburin awon kaya ba.

Mun sauka Dublin da safe, ana yayyafi. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na fara masa bayani tun daga makarantar Baba. Ya katse ni da murmushi ya ce ko ina da wani abu a rubuce. Na miƙa masa tikitin wasan. Ya duba ya ce zan ga abin da kakansa ya rantse ba za a taɓa yi ba, ya buga mini hatimi. Ban gane ba, kuma na ji kunyar in tambaya. A gaba na ga allo da ke cewa mai ɗauke da nama ya faɗa. Babu wanda ya tsayar da ni, kowa wucewa yake yi, amma ni na kasa wucewa. Na je da ƙafata na nuna kilishin. Mutumin ya shinshina, ya ce ƙamshin ya yi, ya kuma ce doka ba ta bari ba. Haka na shiga gari da rabin tsarabata.

Masaukina gidan wata dattijuwa ne mai ba da hayar ɗakuna da abincin safe. Ta kawo mini faranti cike, na tambayi kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Kusan duka naman alade ne, wani baƙin abu mai kama da ƙuli-ƙuli kuma ta ce da jini ake yinsa. Na tsira da ƙwai da burodi da wake. Amma a wajen shayi na ji kamar ina gida. Ta yi mini tayi na ce na gode, ta sake, na ce a'a, ta sake a karo na uku tana riga tana zubawa. A Amurka in ka ce a'a sau ɗaya shi ke nan, an ɗauke tiren. Shekarata ta farko a Maryland na sha kwana da yunwa saboda kawaici. A nan kuwa, in ban yi kuskure ba, sun san cewa a'a ta farko ladabi ce kawai.

Ranar Alhamis da la'asar na hau bas zuwa arewacin birnin. Nora ta buɗe mini ƙofa, mace mai kamar shekara arba'in, mai saurin magana. A falo na tarar da dogon tsoho ya ɗan ranƙwafa, yana riƙe da bayan kujera. Na durƙusa har ƙasa. Nora ta sunkuya tana duba ko wani abu na yar.

"Bar shi, gaisuwa yake yi," ya ce mata da Turanci. Sai ya juyo gare ni da Hausa. "Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina labari? Yaya mutanen gida?"

Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakannina. Ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da ƙosai a bakin tasha, da sule nawa. Ya tambayi wata bishiyar tsamiya da ke bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Sai na faɗi sunan Baba.

"Garba," ya ce. "Mai buga hagu."

Na jira ya tambayi lafiyarsa, bai tambaya ba. Hankalina ya tashi, amma na ce wa kaina ai ko a gida ba a kawo babbar magana ranar da aka sauka. Muka sha shayi, na koma masauki.

Ranar Juma'a na koma da niyyar in fara da kyauta, in ya yi farin ciki sai in shigo da saƙon. Na miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya karanta tikitin, ya daɗe yana kallo. Nora ta leƙa ta kafaɗarsa, sai ta ce in zo in taya ta ɗauko kofuna.

A kicin ta yi mini bayani a hankali, ba tare da faɗa ba. Zan faɗa yadda na fahimta, wataƙila ban kama komai daidai ba. Filin da za a yi wasan ba na ƙwallon ƙafa ba ne. An gina shi ne don wasanninsu na gargajiya guda biyu: ɗaya da sanda ake yinsa, kamar ƙwallon gora amma a sama, ɗayan kuma ana kama ƙwallon da hannu a buga da ƙafa. A zamanin mulkin Ingila waɗannan wasanni su ne hanyar da mutum ke nuna shi ɗan ƙasa ne. Ƙwallon ƙafa kuwa wasan masu mulki ake ɗaukarsa. Akwai lokacin da in aka ga ɗan ƙungiyar gargajiya ko da kallonsa yake yi, korarsa za a yi. Kuma a cikin wannan filin ne dakarun Ingila suka taɓa buɗe wuta kan 'yan kallo ana tsakiyar wasa, aka kashe mutane. Kakanta yana wurin ran nan, da tsallake katanga ya tsira. Yanzu filin 'yan ƙwallon ƙafa ana sake gina shi, shi ne aka yi ƙuri'a aka yarda a ara musu wannan na ɗan lokaci. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kulob ɗin unguwarsu suka ce a'a. Tun da aka fara bai taka wurin ranar irin wannan wasa ba, ko a talabijin ba ya kallo.

Na ce mata ai shi ya koya wa su Baba ƙwallo. Ta yi dariya ta ce a Najeriya ya fara taɓa ta, daga littafi ya koya, don yaran ita suke so, kuma a can babu wanda zai kai ƙararsa gida.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. An aiko ni neman yafiya, na zo na ƙara laifi. Na koma falo na sake durƙusawa, na ce ban sani ba, ya ba ni tikitin in bayar ga wani. Ya sa ambulan a aljihun rigar sanyinsa.

"A Zariya aka koya mini ba a mayar wa baƙo da kyautarsa," ya ce. "Gobe ka zo da wuri. Ba na tafiya da sauri."

Na fita ban faɗi saƙon ba. Jirgina kuma ranar Lahadi da safe ne.

Wasan na rana ne. Muka sauka daga bas muka bi wasu ƙananan tituna masu gidajen jan bulo manne da juna, kwatsam sai ga filin ya taso a tsakiyarsu kamar dutse a cikin unguwa. Ko'ina kore, launin ƙungiyarsu: huluna, gyale, fuskoki. Masu talla suna kira, mata a ƙofar gidajensu suna kallon masu wucewa. Wani tsoho mai rigar ma'aikatan ƙofa ya gane Malam, ya buɗe baki yana tambayarsa ko shi ne da gaske. Malam ya nuna ni da haɓa ya ce baƙo ya yi.

Da muka zauna na ga abin da ban taɓa gani ba. Filin ya fi ƙarfin wasan. An zana filin ƙwallon ƙafa a tsakiya, ciyawa ta yi saura ta kowane gefe, kamar an shimfiɗa dardumar salla a tsakiyar babban falo. 'Yan wasan sun yi mana nisa. Malam ya nuna mini inda dogayen sandunan ragarsu suke tsayawa, an cire su. Ya nuna mini gefen da babu rufi, ya ce can a tsaye ake kallo tun yana yaro, nan mahaifinsa ke ɗora shi a kafaɗa, amma dokar ƙwallon ƙafa ba ta yarda da tsayuwa ba, shi ne aka jera musu kujeru na wucin gadi. Ya faɗi haka ba da ɗaci ba, kamar mai nuna maka ɗakin da aka sauya wa kaya.

Don in ce wani abu, na ba shi labarin yadda ake yi a unguwarmu. In damina ta rushe ɗakin maƙwabci, ana ba shi zaure ya zauna har ya gyara, ko da kuwa gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. Na ce wataƙila abin da suka yi ke nan.

"Haka suka ce, kuma ina jin sun yi daidai," in ji shi. "Amma ban so ba. Har yanzu ban so ba."

Da aka rera taken ƙasarsu ya miƙe da ƙyar ya rera da harshensu. Da aka fara wasa ya kalla kamar kowa. Sau biyu ma na ji yana gunaguni cewa mai tsaron bayan nan ba ya duba hagunsa.

Ni ban ga komai a rabin farko ba. Lissafi nake yi. Bayan wasa hayaniya ce, a gida Nora na nan, gobe jirgi. Da alƙali ya hura hutun rabin lokaci, mutanen layinmu suka tashi neman shayi, na ga babu wani lokacin. Babu wurin durƙuso tsakanin kujerun, amma na zame na sa gwiwa ɗaya a kan siminti. Na faɗa da Hausa, yadda Baba ya faɗa mini. Na ce Garba ne ya rubuta takardar da hannunsa, ya san ƙarya ce, ba shi da lafiya, yana roƙon Malam ya yafe masa don Allah.

Ya dube ni, ya ce in tashi in zauna, simintin da sanyi. Daga nan bai sake magana ba.

Haka muka yi rabin na biyu. Can aka ci ƙwallo, filin gaba ɗaya ya miƙe da ihu, wani ƙato a bayana ya rungume ni ta wuya. Mu biyu kawai ke zaune. Na riƙa tunanin abin da zan gaya wa Baba in Malam ya ƙi, ko in ya yi shiru har muka rabu. Na tuna likita ya ce kada a tayar masa da hankali.

Sai da jama'a suka ragu muka fito. Akwai wata siririyar hanyar ruwa a bayan filin, muka bi gefenta a hankali, yana riƙe da hannuna. A nan ya yi magana, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ya ce an kira shi ofis an karanta masa takardar, an kuma nuna masa ita, ya gane rubutun tun kafin ya kai ga sunayen, don shekara uku yana gyara wannan rubutu. Ya ce shugaban makarantar bai yarda da ƙarar ba, amma ya ce masa zance irin wannan in ya fita gari ba a iya tare shi, gara ya tafi. Ya bar makarantar a bayan motar kaya bai yi sallama da kowa ba. Da niyyarsa ya tsufa a can. Ya fara koyon ajami wajen wani malami, ya dasa mangwaro huɗu. Da ya dawo gida an ba shi aikin koyarwa, ya je har ƙofar aji ya ji ba zai iya ba. A ofishin inshora ya yi aiki har ya yi ritaya.

Na fara ba shi haƙuri, ya matse hannuna.

"Ɗan Garba, ka ce masa na yafe. Ba yau ba, an daɗe. Yaro ne a lokacin." Ya tsaya ya huta. "Amma ka ce masa abin ya yi mini ciwo. Ban sake shiga aji ba. Ka faɗa masa duka biyun. Ka ji?"

Na ce na ji.

A filin jirgin Dublin jami'an Amurka suke duba mutum tun kafin ya tashi, abin da ya ba ni mamaki, amma ban ma sami sukunin jin tsoronsu ba. Duk tsawon tafiyar magana ɗaya nake juyawa. Baba yafiya ya aike ni nema, kuma na samo. Rabin amsar na biyu fa? Mutum mai ciwon zuciya ne, in na gaya masa ya raba wani da aikinsa har abada, me na ƙara masa? Na tsara jimla ta kai goma a bayan takardar jirgi. A wata na ce Malam ya ɗan ji ba daɗi. A wata na ce ya sauya aiki daga baya. Duk gaskiya ne, in an bi ta wani gefe. Na kwana biyu a Greenbelt ban kira ba, ina cewa gajiya ce.

Ranar Laraba da safe, kafin in fita aiki, na kankare katin waya na kira. Bayan gaisuwa na ce Malam yana lafiya, ya tuna shi, kuma ya ce ya yafe, tun da daɗewa ma. Baba ya ce alhamdu lillahi. Sai ya ce me kuma ya ce. Na fara cewa ai ya yi magana a kan wasu abubuwa na da, ba wani abu mai yawa ba, galibi dai tsamiya da ƙosai.

"Habibu," ya ce, "ni na haife ka. Me ya ce?"

Na faɗa masa. Ofis ɗin, rubutun, motar kaya, mangwaro huɗu, ƙofar aji, inshora. Ban rage ba. Ina jiyo numfashinsa a layin, da kukan awaki a bayansa.

"Yanzu na ji muryarsa," in ji Baba. "Da farkon kaɗai ka kawo mini, da na ce kai ka tsara don in samu barci."

Na ce ya yafe mini, ina tsoron zuciyarsa ne. Ya ce zuciyar tana nan. Na ji ya ce wa wani ya rufe ƙofa. Sannan ya ce in sake faɗa masa daga farko, daga inda muka fito daga filin, kuma kada in yi sauri.